Ɗakin da ya makara da kwana biyu: nazarin bayanin kayan aikin wani wakilin AI a ofishin Umara a Makka

A kusa da Shara Mansur a Makka akwai wani ƙaramin ofishi na iyali, mallakar Hausawan da kakanninsu suka zo aikin hajji suka zauna, wanda sana'arsa ita ce nema wa masu Umara masauki da mota da shirya musu ziyarar Madina. Yawancin masu hulɗa da ofishin mutanen Kano ne da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, sai kuma mazauna Jidda da ke karɓar baƙi daga gida. Saƙonninsu kan zo ta WhatsApp, rabi a rubuce rabi da murya, cikin Hausar da ta cuɗanya da Larabci, inda mutum zai ce a yi masa hajzin gurfa a funduƙ kusa da Harami, wato a ajiye masa ɗaki a otal, ba tare da ya ji ya fita daga harshensa ba. Mai ofishin dattijo ne da kowa ke kira Alhaji, ƙanwarsa Hajiya ce ke riƙe da littafin ajiye ɗakuna shekara da shekaru, sannan ɗan ƙaninsu, wanda ya karanci kwamfuta, shi ne ya kawo shawarar a sa wakili mai ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ya rage musu nauyin amsa saƙonni kafin cunkoson azumin shekarar 1446.

Domin a fahimci abin da ya biyo baya, dole a san yadda irin wannan wakili yake aiki. Samfurin harshen da ke cikinsa, wato manhajar da ke karanta saƙo ta rubuta amsa, ba ya ganin rumbun bayanan ofishin, ba ya kuma ganin rubutun manhajar da ke ajiye ɗaki ko soke shi. Abin da ake nuna masa game da kowane kayan aiki, wato ƙaramar manhajar da yake kira ta yi masa wani aiki kamar neman ɗaki, abu uku ne: sunansa, da ɗan bayanin da mutum ya rubuta kan abin da yake yi, da jerin guraben da za a cike idan za a kira shi, waɗanda ake tsarawa da ƙa'idar JSON Schema, mai fayyace irin bayanin da kowane gurbi ke karɓa. Wannan salo ya yaɗu tun da kamfanin OpenAI ya fitar da tsarin kiran ayyuka a watan Yunin 2023, ya ƙara kafuwa da Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP, mai tsara yadda ake haɗa samfuri da kayayyakin aiki, a watan Nuwamban 2024, wadda da ita aka haɗa kayayyakin aikin wannan ofishi. Saboda haka duk abin da wakilin ya sani game da littafin Hajiya, daga waɗannan 'yan layuka ya same shi. Matsayinsa kamar na sabon yaron shago ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da aka miƙa wa makulli da 'yar takarda, maigida ya yi tafiyarsa. Idan takardar ba ta ce buhun da ke bayan ƙofa na ajiya ba ne, zai sayar da shi da kyakkyawar niyya.

Abin da ya faru

Azumi ya wuce lafiya, har Alhaji ya fara yaba wa na'urar a gaban baƙi. Bayan Sallah ne wata mata da ta zo da mahaifiyarta tsohuwa ta rubuto cewa suna son ɗaki a Madina daga goma ga wata. Wakilin ya nemo ɗaki, ya ajiye, ya aiko mata da tabbaci. Ranar Talata 8 ga Afrilun 2025 suka isa Madina bayan tafiyar fiye da kilomita 400, aka duba aka ce musu ɗakinsu sai ranar Alhamis 10 ga Afrilu. Matar goma ga Shawwal take nufi, kamar yadda duk wanda ya yi wata guda a Makka yana ƙirga azumi zai nufa, wakilin kuma ya cike gurbin da goma ga watan Bature. Hajiya ta yi ta waya har ta samo musu wani wuri a daren, ofishin ya biya bambancin kuɗin.

Abin da ya sa wannan kuskure ya cancanci nazari shi ne yadda ya ɓuya wata guda cur. A waccan shekarar 1 ga Ramadan ya faɗo daidai da 1 ga Maris a Saudiyya, don haka duk tsawon azumin, wanda ya ce ashirin ga wata, ko Ramadan yake nufi ko Maris, rana ɗaya ce. Da azumin ya cika kwana 29 aka yi Sallah ranar 30 ga Maris, sai lissafin biyu suka rabu da kwana biyu, ɓarakar ta fito. Wato a duk lokacin da ake yaba wa wakilin, bai taɓa sanin akwai kalanda biyu a bakin masu rubuto masa ba, sa'a ce kawai ta rufa masa asiri.

Da aka buɗe bayanin kayan aikin da ke ajiye ɗaki, wanda aka rubuta da Turanci, ma'anarsa ba ta wuce wannan ba: yana ajiye ɗaki ga baƙo. A gurbin rana kuma an rubuta kalma biyu, ranar shiga. Babu maganar wace kalanda, babu maganar tsarin rubuta ranar, babu abin da za a yi idan baƙo bai fayyace ba. Injiniyan, wato ɗan ƙanin nasu, bai ga laifin wannan ba sa'ad da yake rubutawa, domin shi ya san rumbun bayanan miladiyya yake karɓa, kuma duk wanda ya san abu yakan manta cewa sai an faɗa ake sani.

Ra'ayin Alhaji shi ne a kashe abin baki ɗaya. "Ɗana," in ji shi, "shekara nawa gwaggonka tana riƙe da littafin nan, ka taɓa jin ta kwanar da tsohuwa a titi?" Injiniyan ya amsa cewa, "Gaskiyarka, Baffa, amma Gwaggo ta san abin da ban rubuta wa na'urar ba. Ka ba ni dama in auna in ga ko rubutun ne ya gaza ko ita kanta." A kan haka aka tsaya: za a dakatar da ikon wakilin na kammala ajiye ɗaki, a yi gwaji, sannan a yanke hukunci.

Yadda aka tsara gwajin

Matakin farko da ya zo wa kowa a rai shi ne a zauna a sake karanta bayanan a gyara inda aka ga giɓi. An yi hakan, kuma bai haifar da abin kirki ba, saboda duk masu karantawar 'yan gida ne waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke cike musu giɓin ba tare da sun lura ba. Sai aka gwada wata dabara mai sauƙi wadda a ganina ta fi kowace arha a cikin duk abin da aka yi: aka ba wani ɗalibi ɗan uwansu, wanda bai san komai a harkar masauki ba, bayanan kayayyakin aikin a takarda tare da wasu saƙonnin baƙi, aka ce ya rubuta wanne zai kira da abin da zai zuba a kowane gurbi, ba tare da ya tambayi kowa ba. Duk inda ya tsaya yana sosa kai an sa alama. Wannan bai maye gurbin gwada samfurin kansa ba, domin mutum yakan tsaya idan ya rikice, samfuri kuwa yakan yi hasashe ya wuce cikin natsuwa, amma ya nuna wuraren da ya kamata a sa wa ido.

Gwajin na ainihi an gina shi ne kan saƙonnin gaske da suka taru a wayar ofishin. An cire sunaye da lambobin fasfo da na waya kafin a yi amfani da su, wanda ban da kasancewarsa amana, dokar kare bayanan mutum ta Saudiyya, da ta fara aiki a watan Satumban 2023 ƙarƙashin kulawar SDAIA, hukumar bayanai da ƙirƙirarriyar basira ta ƙasar, ta sa ya zama wajibi. An ƙi yarda injiniyan ya ƙirƙiri saƙonnin da kansa, kuma dalilin yana da ƙarfi: shi zai rubuta buƙata tsaf-tsaf irin wadda bayaninsa ya riga ya tanada, alhali baƙo na gaske cewa yake yi "mu huɗu ne har da Inna, ba ta iya tafiya mai nisa, za mu shigo daren Juma'a in Allah ya yarda."

Ga kowane saƙo, Hajiya ta faɗi tun kafin a kunna na'ura abin da ya kamata a gani a littafi idan an gama: wane irin ɗaki, wace rana, nawa, ko kuma kada a rubuta komai sai an tambayi baƙon. An yi kwafin rumbun bayanan da ba ya taɓa kowane otal na gaske, aka saki wakilin a kai. Ma'aunin nasara shi ne abin da ya zauna a littafin a ƙarshe, ba daɗin amsar da wakilin ya ba baƙo ba, tun da matar da ta isa Madina ta tarar babu ɗaki ma amsa mai ladabi ta samu. An kuma riƙe komai yadda yake, samfuri ɗaya, umarnin da ake ba shi tun farko ɗaya, saƙonni iri ɗaya, bayanin kayan aiki kaɗai ake canzawa, kuma gyara ɗaya a lokaci guda, domin idan aka canza abu uku sakamako ya gyaru babu mai iya cewa wanne ne ya yi aikin.

An maimaita kowane saƙo sau da yawa, saboda samfurin harshe ba lallai ya ba da amsa ɗaya ga tambaya ɗaya ba. Masu binciken da suka fitar da ma'aunin τ-bench a 2024 sun jawo hankali kan wannan, inda suka auna yiwuwar wakili ya yi nasara a dukkan maimaici a jere, maimakon ya dace sau ɗaya. Lissafin mai sauƙi ne: wakilin da ke yin daidai sau 9 cikin 10, idan kowane gwaji bai dogara da ɗan uwansa ba, yiwuwar ya yi daidai sau 8 a jere kusan kashi 43 cikin 100 ne kacal. Ofishin da ke karɓar buƙata iri ɗaya kullum, wannan lissafin na biyu ne ya shafe shi. A ƙarshe an ware wani kaso na saƙonnin aka ɓoye, ba a dube su yayin gyara ba, don a gane ko bayanin ya inganta da gaske ko kuwa an ɗinka shi ne daidai jikin saƙonnin da aka riga aka sani.

Abin da rajistar kira ta nuna

Da aka duba rajistar kira, inda ake ajiye abin da wakilin ya tura wa kayan aiki da abin da ya dawo masa, sai aka ga maganar rana ta fi yadda aka zata zurfi. Bayan bambancin hijiriyya da miladiyya, akwai saƙonnin da aka rubuta rana da lamba, kamar 10/9, wanda a bakin Hajiya goma ga Ramadan ne, a wajen wani goma ga Satumba, a tsarin Amurka kuma tara ga Oktoba, kuma an ga wakilin ya bi fassara daban-daban a maimaici daban-daban na saƙo guda. Sai kuma maganar dare, wadda ta fi ba Hajiya haushi. A lissafin Musulunci dare ne ke gaba da yini, don haka wanda ya ce yana son ɗaki a daren ashirin da bakwai na azumi, yammacin ranar 26 yake bukatar makulli, wanda a waccan shekarar Laraba ce 26 ga Maris. A kwafin gwaji, wakilin ya sha ajiye ranar 27, wato baƙon zai shiga ɗakinsa bayan daren da ya biya kuɗi mai tsada dominsa ya riga ya wuce. Haka nan daren Juma'a, wanda a wajen Bahaushe daren da Alhamis ta faɗi ne. Samfurin ba jahilin wannan ba ne, domin idan aka tambaye shi kai tsaye yakan yi bayaninsa daidai, amma babu abin da ke cikin bayanin kayan aikin da ya tuna masa cewa a nan ne ilimin zai yi amfani.

Sabon bayanin gurbin ya zama jumla huɗu: cewa rana ce ta miladiyya a tsarin ISO 8601, wato shekara, wata, rana, cewa ita ce ranar da baƙo zai karɓi makulli, cewa idan baƙo ya ambaci watan Musulunci a fara kiran kayan sauya kalanda kada a yi lissafi da ka, cewa idan ya ce "ga wata" kawai, ko ya ambaci dare, a tambaye shi a kuma maimaita masa ranar da kalanda biyu tare da sunan ranar mako. Shi ma kayan sauya kalandar an ƙara masa gargaɗi cewa yana bin kalandar Ummul Ƙura ne, wadda lissafi ce, alhali farkon Ramadan da Shawwal da Zulhijja a Saudiyya sai Kotun Ƙoli ta sanar bayan ganin wata, don haka ranar na iya gocewa da kwana ɗaya.

Na biyu shi ne kuɗi. Kayan neman ɗaki yana dawo da farashi a halala, wadda ɗari ke yin riyal ɗaya, saboda masu rubuta manhaja kan guje wa ɗigo a lissafin kuɗi. Ɗakin riyal 450 yakan fito a matsayin 45000, kuma bayanin bai ce komai ba. A mafi yawan maimaici wakilin yakan gane da kansa cewa adadin ya yi yawa ya raba shi da ɗari, wani lokaci kuma yakan faɗa wa baƙo riyal 45,000 kai tsaye. A nan ne darajar maimaitawa ta fito fili, domin da sau ɗaya aka gwada, da an ce wannan gurbin lafiya lau yake. Wannan hazaƙar hasashe ta samfuri, a ganina, ita ce babbar abokiyar gabar mai aunawa, saboda tana rufe ramin da ganye har ranar da wani zai taka. Ba a kuma faɗi ko farashin ya haɗa da harajin VAT ba, wanda ya koma kashi 15 cikin 100 tun watan Yulin 2020, ko na ɗaki ne gaba ɗaya ko na gado ɗaya a ɗaki mai gado huɗu. Maganin da ya yi aiki ba ƙarin bayani ba ne. An canza abin da kayan aikin ke dawowa da shi, ya riƙa fito da farashi a riyal, da sunan gurbi mai cewa kuɗin ɗaki ne na dare ɗaya har da haraji.

Na uku, kayayyakin aiki biyu masu kama da juna. Ɗaya yana riƙe ɗaki na ɗan lokaci ba tare da biyan komai ba, ɗayan yana kammala ajiyar ya cire kuɗi daga asusun ofishin, amma bayanansu kusan kalma ɗaya ne. Baƙon da ya ce "a ɗan riƙe mini tukuna in yi shawara da maigida" wani lokaci sai a kammala masa. Gyaran da ya fi tasiri shi ne rubuta wa kowanne lokacin da ba a kiransa, tare da ambaton sunan ɗan uwansa: kada a kira wannan sai baƙo ya ga jimillar kuɗi ya amince a fili, in ba haka ba a kira na riƙewa. Bitar ƙa'idar MCP ta watan Maris 2025 ta kawo alamomin da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya ɓata abu, kuma an sa su, sai dai ƙa'idar da kanta ta kira su manuni ne kawai, ba katanga ba, don haka ba a dogara da su ba.

Kayan aikin mota ya fito da wani nau'in giɓi, na ilimin da ba ya cikin kowace manhaja. Gurbin wurin ɗauka ya karɓi "Jidda" ko "filin jirgi", alhali filin jirgin Sarki Abdul'aziz yana da tashoshi fiye da ɗaya har da tashar alhazai, jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018 kuma yana da tasha a filin jirgin da wata a cikin gari. Mafi muhimmanci, motar da za ta ɗauko mai niyyar Umara daga Madina sai ta tsaya a miƙatin Zul-Hulaifa, wanda aka fi sani da Abyar Ali, ya ɗaura harami. Hajiya ba ta taɓa rubuta wannan a ko'ina ba, tana dai faɗa wa direba da baki. Da injiniyan ya ce, "Gwaggo, me ya sa ba ki gaya mini ba?" sai ta ce ai ba ta taɓa tunanin akwai wanda za a gaya wa ba. An mayar da wurin ɗauka jerin zaɓi ƙayyadadde, aka ƙara gurbin dole mai tambayar ko fasinja zai ɗaura harami a hanya.

Gyaran da ya ɓata, da wanda ba na rubutu ba

Ba duk ƙarin bayani ne ya taimaka ba. A wani zagaye an rubuta da manyan baƙaƙe cewa dole ne kullum a kira kayan sauya kalanda, sai wakilin ya shiga kiransa har a saƙon da baƙo ya rubuta ranar miladiyya cikakkiya, wani lokaci ma ya ɗauke ta a matsayin hijiriyya ya sauya ta zuwa shirme. Da aka cire tsawar aka sa dalili a madadinta, cewa baƙin ofishin kan yi amfani da kalanda biyu kuma kuskure na nufin mutum ya rasa wurin kwana, sai ya fi iya rarrabe inda ake bukatar sauyin. A wani zagayen an sa misali guda na cikakken kira a cikin bayanin, sai aka ga idan baƙo bai faɗi adadin kwanaki ba wakilin yakan kwafo adadin da ke cikin misalin. Waɗannan biyun ba za a gano su ta karatu ba, domin a ido duka gyara ne mai kyau. Akwai kuma tsada, tun da bayanin kowane kayan aiki ana tura shi ga samfurin tare da kowane saƙo, ana kuma biyan kuɗinsa gwargwadon tsawonsa.

Saƙon kuskure ma ya shiga cikin abin da aka auna, ko da yake da farko ba a ɗauke shi a matsayin bayani ba. Idan aka zuba rana ba daidai ba, kayan aikin kan dawo da lambar kuskure 400 kawai ba tare da bayani ba, wakilin ya sake turo abu ɗaya ko ya ce wa baƙo babu ɗaki, wanda ƙarya ce da ba a yi niyya ba. Da aka mayar da saƙon cikakkiyar jumla mai faɗin gurbin da ya lalace da tsarin da ake so, sai ya riƙa gyara kansa a kira na gaba.

An kuma lura cewa tambayar wakilin dalilin da ya sa ya yi kuskure ba hujja ba ce. Yakan ba da bayani mai ma'ana, amma idan aka gyara abin da ya ambata ba lallai sakamakon ya canza ba. Rajistar kira, wato abin da ya zuba a gurabe da abin da ya dawo masa, ita aka riƙe a matsayin shaida, bayaninsa kuma aka ɗauke shi shawarar inda za a duba.

Wasu ƙa'idojin an fitar da su daga bayani gaba ɗaya an mayar da su cikin manhajar kanta. Kayan kammala ajiya yanzu ba ya aiki sai da lambar riƙewa da ta gabata, kayan sokewa kuma sai ma'aikaci ya danna amincewa. Hujjar injiniyan, wadda na yarda da ita, ita ce bayani komai kyansa yiwuwar yin daidai kawai yake ƙarawa, don haka duk abin da kuskurensa ɗaya zai ci kuɗi ko ya bar baƙo a waje bai kamata a rataye shi a kan jumla ba.

Inda aka tsaya

A kan saƙonnin da aka ɓoye, kurakuran rana da na kuɗi sun ragu sosai, na rikita riƙewa da kammalawa kuma ba a sake ganinsu ba, ko da yake wannan na ƙarshe katangar manhaja ce ta hana shi fiye da rubutu. Abin da bai gyaru ba shi ne saƙonnin murya, inda manhajar mayar da magana rubutu kan lalata lambobi da sunayen unguwanni irin su Misfala da Aziziyya idan an furta su da harshen Hausa, kuma babu bayanin kayan aikin da zai iya gyara abin da ya lalace tun kafin ya iso. Waɗannan an mayar da su hannun mutum.

Sabon saɓani kuma ya taso wanda gwajin bai iya warwarewa ba. Wakilin da aka gyara ya zama mai yawan tambaya, kuma Alhaji yana ganin dattijon da ya rubuto sau ɗaya bai kamata a yi ta mayar masa da magana kamar ana tuhumarsa ba, Hajiya kuwa ta ce ita ma tana tambaya, sai dai ta san wanda za ta tambaya da yadda za ta yi. An daidaita a kan cewa wakilin zai tattara duk abin da bai fahimta ba cikin saƙo guda mai gaisuwa, ya rubuta ranar da kalanda biyu, baƙo ya amsa da e ko a'a. An ƙara ma'auni na biyu a gwajin, wato yawan tambayoyin da ba a bukata, domin gyaran da ya rage kuskure amma ya ninka tambaya ba a ƙirga shi ci gaba kai tsaye.

An bar wa wakilin ikon neman ɗaki da riƙe shi, kammalawa da sokewa suka zauna a hannun Hajiya. Tarin saƙonnin gwajin an ajiye shi, ana sake gudanar da shi duk sa'ad da aka taɓa wani bayani ko kamfanin da ke ba da samfurin ya fitar da sabo, tun da jumlar da wani samfuri ya fahimta daidai wani na iya zafafa ta ko ya yi watsi da ita. An kuma sa a riƙa canza ranar da wakilin ke ɗauka a matsayin yau a cikin kwafin gwajin, ana zagaya da ita watanni daban-daban na hijiriyya, har da kwanakin ƙarshen wata da ake jiran sanarwar ganinsa, domin shekarar hijiriyya ta gaza ta miladiyya da kimanin kwana 11 kuma tazarar da ke tsakanin lissafin biyu ba ta zama wuri ɗaya.